Ranar da Pappa Reino Ya Kulle Ƙarafuna

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ko dusar ƙanƙara na zuba ko ba ta zuba, za ka ji tsohuwar motar Reino Salmela tana tari a bayan filin hokin ƙanƙara na Kessock Bay. Zai fito da butar kofi a hammata, da burodin da matarsa Marjatta ta naɗe masa a takarda, ya bangaje ƙofar baya da kafaɗa, domin ƙofar ta daina jin magana tun kafin a haifi rabin 'yan wasanmu. Daga nan sai ya bi ta ƙarƙashin kujerun 'yan kallo zuwa wani ɗaki da bai fi shagon mai gyaran agogo ba. A nan yake yi wa takalman ƙungiyarmu ta Kyarketai washi. Shekara talatin da tara ke nan, kuma ranar Asabar mai zuwa zai ajiye aiki.

Garin nan ya iya manta mutum, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Mun rataye rigunan 'yan wasa shida a rufin filin nan don girmama su, har da ta wani da ya yi kaka uku ya tsallake ya bar mu ko sallama babu. Reino kuwa ko hularsa ba wanda ya taɓa tunanin ratayewa. Da yawa cikin masu zama a kan kujerun nan suna ihu ba su san akwai mutum a ƙarƙashinsu ba.

Kowa a Kessock Bay gani yake ya san washi. Bai sani ba. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin ɗan hoki, ana yi masa ɗan kwarmi ne a tsakiyar baki, tun daga gaba har baya, ya bar kaifi biyu, dama da hagu. Kwarmin in ya yi zurfi, ƙarfen ya ciji ƙanƙara ya riƙe mutum, amma ya ja shi baya. In bai yi zurfi ba, mutum ya sulale da gudu, amma sai ƙafarsa na da ƙarfin riƙe kanta. Kowane ɗan wasa da nasa. Reino yana da allo a bango, sunayen yara ashirin da uku da alli, kowane suna da lamba biyu a gabansa: zurfin da ya fara kaka da shi a Oktoba, da zurfin da yake hawa yau. In ya gama da ƙarfe sai ya goga farcen babban yatsansa a kan kaifin, in ya kankaro ɗan farin gari to ya yi. Marjatta ta ce rabonta da ganin farcen nan ya tsiro tun suna amarci.

Yaran ƙungiya, Pappa suke ce masa, kamar yadda jikokinsa ke kiransa. Ba mutum ne mai yawan magana ba. Sabon yaro zai shigo yana cika baki, ya ce, "Pappa, yi mini irin na manya, yau sai na ci uku." Reino zai dube shi ta saman tabarau, ya ce, "Fara koyon tsayawa tukuna, jiya allon tallan gefen fili ne ya tare ka." Shi ke nan, an gama hira.

To, akwai wani ciwo da ya daɗe yana cin ƙungiyar nan, mu 'yan gari muna ce masa ciwon Maris. Kyarketai za su fara kaka kamar su cinye duniya. Kirsimeti ta same mu a sama, Janairu muna nan daram. Da an shiga ƙarshen Fabrairu sai ka ga an fara jan ƙafa, Maris na kamawa sai a yi ta zuba mana faifai, ɗan baƙin robar nan da ake bugawa da sanda, a raga har mai tsaron raga ya gaji da waiwaye. Koci goma sha ɗaya suka wuce ta hannun Reino, mafi yawansu Maris ce ta kore su. An yi mai ihu har jijiyar wuyansa ta fito. An yi wani mai sanyin murya da ya zo da littattafai, ya sa ƙattin nan su zauna a da'ira kowa ya faɗi abin da ke damunsa, kai, ranar an sha dariya. Amma duk da bambancinsu, in aka sha kashi biyar a jere maganinsu ɗaya ne, gudun buhu. Ana ce masa haka ne saboda ranar faifai ba ya fitowa daga buhu. Gudu ne zalla, daga wannan layi zuwa wancan, a juyo, a koma, har sai wani ya durƙusa yana amai. Mu kuma 'yan kallo, Allah ya yafe mana, mukan ce ai gara haka, yaran sun sangarce.

Reino ne kaɗai yake ganin abin da ke faruwa, domin ɗakinsa ake zuwa a ɓoye. Da tsakiyar Fabrairu ta yi sai yaro ya leƙo, ya duba bayansa, ya rage murya. "Pappa, ɗan ƙara mini zurfi mana, ƙanƙarar nan gudu na take yi. Kada ka gaya wa kowa." Ba ƙanƙara ba ce, ƙafa ce ta gaji, mai gajiya kuwa abin da zai riƙe shi yake nema. Ga shi filinmu tsoho ne, rufin kwano, da ranar Maris ta fara dukansa sai ƙanƙarar ta yi laushi, ƙarfe mai zurfin kwarmi ya riƙa nutsewa a cikinta. Sai yaro ya ƙara nauyi. Koci ya ga gudu ya ragu ya ce lalaci ne, ya sa gudun buhu. Ƙafa ta ƙara mutuwa. Washegari yaron ya dawo ɗakin Reino ya ce a ƙara masa zurfi.

Kada a ce bai taɓa faɗa ba. Sau uku ya faɗa. Kocin farko dariya ya yi, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai naka washi, ni nawa tunani." Na biyu ya ce zai duba, bai duba ba. Na uku ya hana shi hawa motar ƙungiya wata guda, wai ya koyi matsayinsa. Daga nan Reino ya ja bakinsa ya yi shiru, duk wanda ya nemi zurfi ya ba shi, yana da 'ya'ya uku a makaranta a lokacin.

Shirun nan ne ya ci ƙafar Lorne Tkachyk. Duk wanda ke zuwa kallo ya san Lorne, shi ne mai tuƙa motar goge ƙanƙara, mai ɗingishi in ya sauko. Shekara ashirin da biyu da suka wuce shi ne ya fi kowa gudu a ƙungiyar. Cikin kwana goma sau uku ya zo neman ƙarin zurfi, sau uku Reino ya ƙara masa. Ranar wani gudun buhu ya zo juyawa a kan layi, ƙarfen ya ciji ƙanƙara ya ƙi saki, jiki ya juya, gwiwa ba ta juya ba. Bai sake buga wasa ba. Lorne bai taɓa ɗora wa Reino laifi ba, kullum cewa yake, "Ni na roƙe shi." Amma tun daga shekarar, kofin farko da Reino ke tsiyayawa daga butarsa kowace safiya na Lorne ne.

Sai ga shekarar Koci Wendell Prokop, shekara uku ke nan. Mutum ne mai zuciya a kusa, wanda ya yi shekara goma sha huɗu yana mataimaki a garuruwan mutane kafin a damƙa masa ƙungiya tasa ta kansa. Kakar ta fara da kyau kamar kullum. Maris ta zo kamar kullum. Muka sha kashi bakwai a jere, muka gangaro daga na biyu zuwa na tara, alhali takwas ne ke shiga wasannin neman kofi. Na bakwan ranar wata Lahadi ce da rana, a gida, 'yan kallo na jifa da kofunan takarda. Ana tashi Prokop ya shiga ɗakin sauya kaya ya ce gobe ƙarfe takwas kowa ya zo, kada wanda ya ɗauko sandar wasa, gudun buhu za a yi.

Ba a jima ba kyaftin Gaétan Robidoux ya leƙo ɗakin washi da takalmansa a hannu. Karo na uku ke nan cikin mako biyu. Reino bai dubi takalman ba, tafiyarsa ya duba, yadda ya dafa bango kafin ya zauna, yadda ya miƙe ƙafar hagu a hankali. Ya san wannan zaman, irin na Lorne ne. Ya karɓi takalman ya ce, "Je ka gida."

Da yamma suna cin kifi da dankali ya ce wa Marjatta, "Gobe wataƙila in dawo da wuri."

"Da wuri kamar yaya?"

"Kamar ba zan koma ba."

Ta san abin da ɗakin nan yake a wurinsa, ta san in aka raba shi da shi da kora, a wannan shekarun, ba wani filin da zai ɗauke shi, kuma mutumin zai zauna ne ya bushe a kujera. Sai ta ƙara masa dankali ta ce, "To, dama rufin ɗakin wankan tururi, sauna ɗin nan, yana yoyo, ka samu abin yi."

Ranar Litinin da yara suka iso, sai suka tarar da takalma ƙafa ashirin da uku a jere a kan benci, ko ɗaya babu ƙarfe. Reino ya cire su duka, ya zuba a babbar aljihun teburinsa, ya danna kwaɗo. Lorne na wurin, Gaétan na wurin, daga bakinsu na ji abin da ya biyo baya.

Prokop ya shigo da usur a wuya, fuska ja wur. "Ina ƙarafuna?"

"Suna hutawa, Koci."

"Suna me?"

"Hutawa."

"Salmela, ban zo wasa da kai ba. Ba ni mukulli, ka kwashi kayanka."

Reino ya cusa hannu cikin aljihu. Ya ce, "Zan ba ka. Kayana kuma buta ce kawai. Abu ɗaya na roƙe ka, ka tsaya gaban allon nan minti biyar ka karanta. In ka gama ka ce in tafi, ko kofi ba zan tsaya sha ba."

Ga inda Prokop ya bambanta da goman da suka riga shi. Ya tsaya. Da haushi ya tsaya, yana huci, amma ya tsaya. Reino ya bi sunayen da yatsa, lambar Oktoba, lambar yau. Cikin ashirin da uku, goma sha tara sun ƙara zurfi, wasu sau biyu, wasu sau uku. Ya faɗa masa maganar rufin kwano da laushin ƙanƙara, a taƙaice, yadda yake magana. Ya ce, "Ba lalaci ba ne. Malalaci ba ya zuwa a ɓoye ya roƙi abin da zai riƙe shi a tsaye."

Prokop ya juya ya kalli Gaétan. "Kai, ƙafarka ta mutu ba ka faɗa mini ba?"

"Haba Koci, wa yake faɗa wa koci haka a watan Maris? Sai ka zaunar da ni, wani ya ɗauki gurbina."

Lorne na jingine da ƙofa, bai yi niyyar sa baki ba. Sai ya ji ya ce, "Nawa sunan ma haka allon nan ya nuna, Koci. Sau uku." Ya buga gwiwarsa da tafin hannu, bai ƙara komai ba.

Prokop ya cire usur ya sa a aljihu. "Hutun kwana biyu," ya ce. "Ka mayar da kowa lambar Oktoba. In muka sha kashi ranar Alhamis, ni da kai mota ɗaya za ta fitar da mu daga garin nan."

Kwana biyun nan a gidan Reino na bakin tafki aka yi su. Ƙatti ashirin da uku suna shiga sauna shida-shida, suna fitowa suna tururi su faɗa cikin dusar ƙanƙara suna ihu kamar yara. Marjatta ta yi ta tuya har ta ce wa mai tsaron raga, "Kai dai da kana tare faifai yadda kake tare faranti, da ba mu ga wannan rana ba." Rufin sauna ma a kwanakin aka gyara shi.

Ranar Alhamis aka ci mu biyar da ɗaya. Yaran sun saba da ƙarfen da ke riƙe su, sai ga su suna zamewa a kwana, biyu suka faɗi ba wanda ya taɓa su. Labarin kwaɗon ya riga ya fita gari, ai Kessock Bay ba ta iya riƙe magana. Na ji da kunnena wani a bayana yana cewa yanzu mai washi ne ke horar da ƙungiya, a kore su su biyun. Kunya nake ji, amma ni ma na gyaɗa kai.

Da asubar Juma'a Reino ya zo da kwali a hammata maimakon burodi. Ya fara sauke hotunan jikokinsa daga bango, ya naɗe tsohon dutsen washinsa na hannu a tsumma. Yana cikin haka Prokop ya shigo ya ajiye masa jaridar gari a kan tebur. An tambayi koci wa ya ba da hutu ana tsakiyar faɗuwa, ya amsa cewa shi ya ba da hutun, shi ya sa a rage kwarmin, mai jin haushi ya san hanyar ofishinsa. Sunan Reino bai fito ko sau ɗaya ba. Haka kuma ya faɗa wa mai ƙungiyar, wanda ya kira shi yana neman wanda za a kora.

"Mene ne wannan kwalin?" in ji Prokop.

"Ka ce mota ɗaya."

"Ajiye, Pappa." Ranar ya fara kiransa da haka. "Ba ka ga Gaétan a zangon ƙarshe ba? Rabon da in ga ya tsere wa mutum haka tun Kirsimeti. Su ci suke kallo, ni ƙafafu na kalla. Mayar da hotunan nan, kana ɓata mini lokaci."

Reino ya juya wa kocin baya, wai yana neman ƙusa. Lorne ya ce ya fi minti biyar yana neman ƙusar da ke gabansa.

Cikin wasa takwas da suka rage muka ci shida, muka shige a na takwas ranar ƙarshe. Kada in yi ƙarya, kofi dai ba mu ɗauka ba, a zagaye na biyu aka fitar da mu. Amma Gaétan Robidoux na nan yana wasa da gwiwoyinsa biyu, Prokop na nan da aikinsa, kuma Maris uku ke nan ba mu faɗi ba, ko da yake ta bana mun ɗan yi tangal-tangal. Gudun buhu ya bar filin nan. Duk Litinin ɗin farko ta Maris, koci da kansa yake kwaso ƙarafunan ya zuba a aljihun tebur ya danna kwaɗo, mukulli kuma yana hannun Reino har sai ya ga tafiyar yaran ta yi masa.

Pappa Reino, kai ne ka ga abin da mu dubu uku da ke zaune a samanka ba mu gani ba. Kai ne ka yi shiru sau ɗaya, ka ga abin da shirun ya yi wa ɗan mutane, ka ɗauki wannan nauyi shekara da shekaru ba ka taɓa cewa ai ba laifina ba ne. Da aka sake kawo maka irin wannan ƙafar, ka sa ɗakinka da abincinka a gaba ka ce a'a. Mai magana ɗaya da gaskiya, dattijon ƙarƙashin kujeru, ba ka taɓa zura faifai a raga ba, amma ban san wanda ya tsare ƙungiyar nan kamarka ba.

Jiya da asuba da ya bangaje ƙofar baya, sai ya tarar Lorne ya riga shi, zaune a kan benci da tasa butar. Lorne ya tsiyaya kofi ya miƙa masa. "Shekara ashirin da biyu kana ba ni haƙuri da kofi," ya ce. "Na haƙura tun ranar, kai ne ba ka haƙura ba. Karɓi, yau naka ne na farko. Kuma naka ɗin nan da kake ba ni, gaskiya ya cika ɗaci." Reino ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

Can da hantsi ya miƙa tarin mukullansa ga Colette Vaillancourt, tsohuwar 'yar wasa da za ta gaje shi a ɗakin. Prokop na tsaye. Ya sa hannu ya zare ƙaramin mukullin kwaɗon daga cikin tarin, ya buɗe tafin hannun Reino ya ajiye masa.

"Wannan ba na ƙungiya ba ne. Duk Maris zan danna kwaɗon, in zo gidanka in roƙa. In ka ga ƙafafun ba su huta ba, ka hana ni."

"In kuma aka kore ka fa?"

"Sai wanda ya gaje ni ya koyi hanyar bakin tafki."

Mun gode, Pappa. Mun gode wa Marjatta da ta ƙara maka dankali maimakon ta hana ka. Ku kuma masu karatu, kowace ma'aikata a garin nan tana da ɗan ɗakinta na ƙarƙashi da wani mai ganin abin da manya ba sa gani. In kai ne a ciki, ka buɗe baki tun kafin gwiwar wani ta tafi. In kai ne a sama, ka sauko ka tsaya gaban allon minti biyar, ba za su kashe ka ba.

Ranar Asabar ku zo da wuri. Kafin a fara wasa Lorne zai ɗauko shi a motar goge ƙanƙara ya zaga da shi fili, karo na farko da yawancinku za ku ga fuskarsa. Zai ji kunya, zai yi ta kallon ƙasa, kada ku damu da wannan. Ku dai miƙe tsaye, ku daɗe a tsaye. Daga nan zai koma gida ya bar farcensa ya tsiro, da ɗan mukulli a aljihu, yana jiran Maris.